Na Tafi Gwagwalada da Makullin Kabad

Tun da na dawo daga Abuja mutane suka hana ni sakat. Wadda ta zo sayen maganin mura sai ta jingina da kanta ta ce, "Hajiya Rabi, ya Abujar?" Matan islamiyyarmu sun tambaya, ƙanwata ta dame ni ta waya, kowa so yake in ba shi labarin dogayen gine-gine da tituna masu sheƙi. Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in miƙa magani. To na gaji da lafiya lau ɗin nan, don rabinta ba gaskiya ba ce. Ga labarin nan, ku karanta ku huta da tambaya, ni ma in huta da amsa.

Ga wanda bai san ni ba, harhaɗa magunguna na karanta a jami'a, ni da maigidana marigayi Malam Nuhu. Kantinmu ne kaɗai mai cikakken lasisi a garinmu, sauran ƙananan kemis ne masu maganin ciwon kai da man zafi. Aikin nan namu ba sayar da atamfa ba ne. Duk shekara sai ka sabunta lasisi, hukumarmu kuma ba ta sabunta maka sai ka nuna takardar shaidar cewa ka zauna kwas ɗin ƙarin ilimi. In ba takarda ba lasisi, in ba lasisi a garƙame kanti.

Da Malam yana raye wannan bai taɓa zama abin magana ba. In ya tafi kwas Kano ni nake tsayawa, in na tafi shi yake tsayawa. Dalili kuwa kabad. A bayan kantinmu akwai kabad na ƙarfe da aka dasa a jikin bango, a ciki ake kulle magungunan da doka ta ce a kulle, irin su masu kashe zafin ciwo mai tsanani, da na barci, da na farfaɗiya. Doka ta ce makullin ba ya barin hannun mai lasisi. Malam ya ƙi yarda ko na biyu a yanka, guda ɗaya ne, daga aljihunsa zuwa jakata, daga jakata zuwa aljihunsa. Saboda makullin nan ko Makka ba mu je tare ba.

Allah ya yi masa rasuwa a farkon damina. Kwas ɗin Kano ya zo ya wuce ina cikin takaba. Aka ce akwai na waya, na gwada, sabis ɗin garinmu ya yanke ni a tsakiyar jarrabawa, kafin in kai ƙorafi an rufe. Bayan na fita takaba masu duba kantuna suka zo. Suka yi min gaisuwa da kyau, suka yi wa mamaci addu'a, suka sha ruwa, sannan babbansu ya ce rajistar kantin da sunan marigayi take, sai an mayar da ita sunana kafin shekara ta ƙare, kuma ba a mayarwa sai lasisina yana raye. In ba haka ba, shi bai so ba, amma zai dawo da kwaɗo. Zama ɗaya ya rage a shekarar, na kwana uku, a Gwagwalada.

Na kira duk waɗanda na san suna karɓar magani daga kabad, na ba kowa nasa tun kafin lokaci. Na kulle, na jefa makullin a jaka. Hansatu, wadda take taya mu sayar da magani tun 'ya'yanta suna goye, ta bi jakar da kallo.

"Hajiya, da kin bar min shi mana. Ko wani abu zai taso."

"Ba a yi, Hansatu."

"Na sani. Na dai faɗa ne."

Motar da na samu daga Kano irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya ce, ni ce a jikin ƙofa, ƙugun wata mai sayar da turare yana kan cinyata. Ba mu kai Zariya ba ta tambaye ni sana'ata, na yi kuskuren faɗa. Shi ke nan mota ta zama asibiti. Wannan gwiwa, wannan basir, direba da kansa ya ciro wasu ƙwayoyi a takardar burodi ya miƙo baya ya ce in duba masa ko na hawan jini ne. Na duba, na hana kumburi ne, na ce ya daina sha ba komai a cikinsa. Mai turare ta kira surukarta a waya ta ɗora min a kunne. Da kowa ya gama da ni sai suka koma hirarsu ta kasuwa, ba wanda ya ko tambayi sunana. Ban ji haushi ba, na saba. Amma da Malam ne zan ba shi labarin direban nan mu yi dariya, sai na tuna ba wanda zan kira.

Daga Kaduna zuwa gaba kowa ya yi tsit, kamar yadda duk mai bin hanyar nan ya sani. Carbi ya fito, direba ya kashe rediyo. Sai da muka tsaya cin abinci a Tafa bakin mutane ya dawo. Na sayi doya da ƙwai, na ci rabi a tsaye, na ba kaji sauran.

Shiga ƙasar Abuja sai ka ce shiga wata ƙasa. Shinge bayan shinge, wannan ya leƙo ya ce a buɗe but, wancan ya ce a sauke gilashi. Wani jami'i ya buɗe jakata ya ga littafin magunguna ya ce, "Madam, likita ne?" Na ce a'a, mai magani. Ya sauke murya ya ce bayansa na ciwo. Na ce ya rage tsayuwa, ya yi dariya ya ce in gaya wa ogansa. Can kuma sai ga dutsen nan da kowa ke ɗaukar hotonsa. Malam ya sha ba ni labarinsa. Kowa a motar ya ɗaga waya, ni na kalle shi kawai, dutse ne babba.

Masaukan Gwagwalada duk sun cika da 'yan kwas. Wani mai keke napep ya ce ya san wani wuri a Tungan Maje, ya kai ni gidan wata mata, Mama Ladi, mai ɗakunan haya a bayan gidanta. 'Yar asalin wurin ce, Gbagyi, Kirista, ƙaninta kuma ladan ne a masallacin unguwar, abin da a garinmu sai an yi shekara ana maganarsa. Ta ɗauki jakata ta ɗora a kafaɗa, ba a ka ba. Na ce ta kawo in taya ta ɗorawa a ka, ta yi dariya ta ce su ba sa ɗora wa kai kaya, kai ya riga ya ɗauki tunani, ya ishe shi. Washegari na ga matan unguwar da itace da doya duk a kafaɗa, na san ba zolayata take ba.

Hausarta irin ta can ce, namiji da mace duk ɗaya. "Hajiya, kai ya ci abinci?" Da fari na waiga in ga ko akwai wani a bayana. Ta shimfiɗa min tabarma, ta nuna min gabas ba tare da na tambaya ba, ta kawo sakwara da miyar agushi mai yaji kamar an yi da gayya. Na ci ina hawaye, kuma na ji daɗin yajin, don ya ba ni abin fakewa. Ɗakin gado ɗaya ne da fanka mai ƙara. Rabona da kwana a ɗakin da ba wanda ya san ni a gidan tun ina ɗaliba.

Zauren kwas ɗin babba ne, sanyin esi kamar cikin firij ɗin allura. A bakin ƙofa akwai na'urar da ake dangwala yatsa, da safe a dangwala, da yamma a dangwala. Yarinyar da ke wurin ta yi mana bayani da Turanci cewa wanda ya rasa dangwale ɗaya ya rasa takarda, ba roƙo, ba sa hannu a madadin wani kamar da. Yawancin mahalarta yara ne sa'annin 'ya'yana, kowa da kwamfutarsa. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ka buɗe baki ka tambayi gida sun wuce. Na zauna kusa da wata 'yar Arewa mai aiki a wata ma'aikatar tarayya, na yi mata sallama, na tambayi iyali, na tambayi gajiya. Ta amsa da fara'a, amma idonta na kan waya, sai na ji kamar na tsare ta a hanya. Da rana aka raba shinkafa a roba mai murfi. Kowa ya buɗe tasa a kujerarsa ya ci, ba wanda ya ce wa na kusa da shi bismillah. Ni da bakina ya saba na juya na ce mata, "Bismillah." Ta ɗaga tata robar ta nuna min, wato ita ma an ba ta.

Mutum ɗaya na sani a wurin, Dakta Kabiru, ɗan ajin Malam a jami'a, yanzu babba ne a ofis, gidansa a Maitama, yana cikin masu koyar da mu. Ya hango ni a baranda ya taho yana dariya.

"Hajiya Rabi! Ina mutumina? Ya sake turo ki ya zauna gadin kabad ko?"

Na gaya masa. Dariyar ta tsaya a fuskarsa ta rasa inda za ta. Ya yi salati, ya yi addu'a, ya ce wallahi bai ji ba, ya ce lallai sai na je gida na ga iyali. Ya ba ni katinsa, ya ce amma in kira kafin in zo, don masu gadi ba sa buɗewa sai an sanar da su. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga min hannu ya tafi da ita a kunne. Na san da gaske yake jin mutuwar. Lokaci ne ba shi da shi, a garin nan ba wanda na ga yana da shi.

Bayan azahar ta wannan rana Hansatu ta kira. Na fita baranda.

"Hajiya, ga wani bawan Allah nan, Malam Buba, daga rugar hayin kogi. Ya zo karɓar maganin matarsa Dije, na farfaɗiya. Ga takardar likita a hannunsa. Ya ce jiya ta sha ta ƙarshe."

Ban san shi ba. Ashe mutumin Malam ne. Da yake ruwa na yanke musu hanya da damina, Malam yakan ba shi na watanni a haɗe kafin ruwa ya sauka, shi ya sa tunda aka yi rasuwar bai zo ba. Ba shi da waya. Ko rasuwar bai ji ba sai a bakin Hansatu, ta ce da ta gaya masa zama ya yi a ƙasa.

Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan maganin ba a yanke shi farat ɗaya. In aka yanke, ciwon yakan dawo fiye da da. Na sa hannu a jaka na taɓa makullin, yana nan, tsakanin carbi da katin Dakta Kabiru. Na ce wa Hansatu ta raka shi asibitin gari. Kafin la'asar ta kira ta ce babu a ma'ajiyarsu, sun ce a zo wurinmu. Na ce gobe da sassafe ta sa shi a mota zuwa babban birnin jiha, na faɗa mata kantuna masu lasisi da na sani.

"Ko in kira mai walda?" in ji Hansatu.

Na ce kar ta kuskura. A ce an fasa kabad ɗin ƙwayoyi a bakin kasuwa mai lasisi ba ta gari, kafin magariba labari ya kai kunnen masu duba kantuna, ya kai kunnen samarin da ke shan ƙwaya, kuma ban san wanne ya fi muni ba.

Da yamma na zauna a tsakar gidan Mama Ladi tana fere doya. Ta ga ban taɓa abinci ba, ta tambaya, na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To kai ka koma gida mana." Na ce in na koma za a rufe kantin, in an rufe ba Dije kaɗai ba, duk masu zuwa kabad ɗin nan sun rasa. Ta ce, "To ka zauna." Ta ci gaba da fere doyarta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba. Shekara da shekaru duk shawarar aiki da mutum ɗaya nake yin ta, a kan tabarma, bayan an rufe kanti. Na kira lambar da ke katin Dakta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Rana ta biyu muna tsaka da darasin safe Hansatu ta turo saƙo. Malam Buba ya je birni, kanti na farko sun ce babu, na biyu sun kalle shi sun kalli takardar sun ce ta tsufa, sai ya kawo sabuwa. Ban ga laifinsu ba. Baƙo da sanda da malafa ya zo neman ƙwayar da ke sa barci, ni ma da ban san shi ba sai na yi jinkiri. Likitan da zai sabunta takardar kuwa sai wani makon yake ganin masu irin wannan ciwon.

Darasin bayan azahar, kamar da gangan, a kan magungunan kabad ne, kuma Dakta Kabiru ne mai koyarwa. Ya yi bayani mai kyau, ba zan rage masa ba. Na ƙaru da abubuwa a kan sababbin magunguna da yadda samari ke haɗa su. Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu. Rabona da Turanci a gaban jama'a an daɗe. Na ce mai lasisi ɗaya ne a gari, ya taho kwas da makulli kamar yadda doka ta ce, mara lafiya ya zo, me zai yi?

Dakta ya ce a tura mara lafiya kanti mai lasisi mafi kusa. Na ce an tura, an hana shi. Ya ce to sai a nemi wani mai lasisi ya riƙe wurin kafin a dawo. Na ce babu, yaran da ke gama karatu ba sa zuwa garinmu. Sai wani saurayi daga baya ya ce da Turanci, "Madam, wai da gaske makullin yana jakarki?" Na ce yana jakata. Zauren ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa tsohuwa ce in ta faɗi abin zamanin da. Wadda ke kusa da ni ta matso ta raɗa min da Hausa, karo na farko da ta kalle ni sosai, "Anti, kowa fa barin shi yake a hannun yaran kanti. Ba a dai faɗa."

Na dubi zauren nan cike da masu lasisi. Ashe ni kaɗai ce na taho da makulli. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, kuma ban san wa nake jin haushi ba, su ko ni ko Malam da ya koya min haka ya tafi.

Da aka tashi na tare Dakta a baranda. Na ce ya taimaka a yafe min ranar ƙarshe in kama hanya.

"Hajiya, wallahi ba a hannuna yake ba. Na'ura ce ke tura sunaye kai tsaye. In babu yatsanki gobe, ko ni ban isa in fitar da takardar ba."

"To ka ba ni shawara, ba ta zaure ba."

Ya kalli ƙasa. "Ni na daɗe da barin kanti," in ji shi. "Ki yi abin da zuciyarki ta kwanta da shi." Direbansa ya buɗe masa ƙofa.

Na dangwala yatsan yamma na hau mota zuwa tashar Zuba. Ku da kuke tambayar Abuja, to ga Abujar da na fi gani, tasha ce mai hayaƙi da kwata, 'yan kamasho suna jan hannun mutane, kowa na Hausa amma ba Hausa ɗaya ba. Na samu motar Kano tana lodi, saura mutum ɗaya. Na tsaya a gabanta da jakata. Ɗan kamasho ya ce, "Hajiya shiga mu tafi." Da na shiga, da gobe war haka ina gida. Na tsaya har wani mai buhun citta ya zo ya cike gurbin, motar ta tashi ina kallo.

Na nemi direban da zai tashi da asuba, wani dattijo mai jan gemu. Na naɗe makullin a takarda, na sa a leda, na ɗaure, na rubuta lambar Hansatu. Ya ce in ya isa Kano zai ba direban garinmu, kafin magariba yana hannunta. Ya miƙo hannu, ni kuma na kasa saki.

"Hajiya, saƙon ne ko kuwa?"

Na saki. Tunda aka dasa kabad ɗin nan makullin bai taɓa shiga hannun wanda ba ni ba, ba Malam ba. Dattijon ya jefa shi gaban mota, cikin tarkacen rasit da goro. Na kira Hansatu na gaya mata wace kwalba ce, a wane layi take, nawa za ta ba shi, na ce ta kulle ta riƙe makullin a jikinta. Ta ce to, ba ta ƙara komai ba, kuma na gode mata da hakan.

Rana ta ƙarshe aka yi jarrabawa. Akwai tambaya a kan wanda ya halatta ya riƙe makullin kabad, na zaɓi amsar da ke daidai, na ci. Aka kira sunaye aka ba mu takardu, yara suna ta hoto da tasu. Wadda ke kusa da ni ta ce in kawo ta ɗauke ni, na tsaya na riƙe takardar a ƙirji, ta ɗauka. Hoton yana wayata, ban tura wa kowa ba. A wani shagon kwamfuta da ke bakin titi aka tura min takardar ga hukuma, kafin in bar wurin saƙo ya shigo cewa an karɓa. Kanti ya tsira.

Ina fitowa na kira direban. Ya ce mota ta lalace bayan Kaduna, suna jiran bakanike, in sha Allahu yanzu za su tashi. Da la'asar na sake kira, ya ce injin ne, an tafi neman kaya. Da magariba wayarsa a kashe. Hansatu ta ce Malam Buba ya koma ruga ya duba matarsa, ya ce zai dawo.

Mama Ladi ta raka ni bakin titi da sassafe, jakata a kafaɗarta. Ta cusa min doya biyu, na ce nauyi, ta ce ba ni zan ɗauka ba, mota ce. Ta ce, "Allah ya ba matar nan lafiya." A duk Abuja ita kaɗai ce ta tuna akwai wata mata a cikin maganar. A hanya ban gaya wa kowa sana'ata ba. Bayan Kaduna na yi ta leƙen duk motar da ke gefen titi da murfin inji a ɗage, ko zan ga jan gemu. Motocin da suka lalace a hanyar nan sun fi ƙarfin leƙe.

Na riga makullina isa gari. Shi sai bayan mako ya iso, a hannun wani direban daban, lokacin ba abin da zai buɗe.

Ban biya gida ba, kanti na wuce da jakata da doyata. A kan bencin ƙofa na ga wani dogon mutum da malafa a gwiwa, kusa da shi mace a zaune a ƙasa ta jingina da bango, an lulluɓe hannunta na dama da tsumma. Hansatu ta tare ni a ƙofa ta ce a hankali, jiya da yamma ciwon ya kayar da ita tana dafa fura a bakin murhu.

Na aika a kira mai walda. Yanzu halas ne, mai lasisi tana tsaye. Ya zo da injinsa, mutanen kasuwa suka taru a ƙofa, tartsatsi na tashi a bayan kanti. Shi ne ya dasa kabad ɗin tun farko, ya ce Malam ya sa shi ninka ƙarfen, ga shi yau shi yake wahalar yankawa. Da ƙofar ta buɗe na ɗauko kwalbar, na ba Dije ta sha a gabana, na rubuta a inda ake rubutawa.

Sannan na kwance tsumman. Ƙuna ce daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, sun shafa mata wani abu baƙi. Na wanke, na sa magani, na naɗe, na ce gobe Hansatu za ta kai su asibiti a duba da kyau. Na dubi fuskar Dije. Bakinta a kumbure yake inda ta ciji harshe.

Malam Buba ya jira na gama, sannan ya durƙusa ya yi min gaisuwar Malam. Ya daɗe yana addu'a. Ya ce mutumin kirki ne, ya ce bai taɓa zuwa ya koma hannu wofi ba, sai ya ga fuskata ya yi sauri ya ce wannan ma ƙaddara ce, ba laifin kowa. Na so ya yi faɗa, da ya fi min sauƙi.

Ya miƙe ya ɗauki malafarsa, ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Hajiya, wannan tafiyar da kika yi, an gama ta ke nan, ko baɗi ma akwai?"

Na ce akwai, Malam Buba. Duk shekara ce.

Ya gyaɗa kai. "To in lokacin ya matso ki aiko min da watan," in ji shi, "in hana ta zuwa kusa da wuta."